Ɓarawon Takarda da Ɓarawon Gaske

Wanda ya yi ajin Yaƙi da Jahilci a Boɗinga ko a Shagari, ya iya karatu da girmansa, ba ya ɗaukar littafi da wasa, don kuwa ya san daren da ya kwana yana haɗa baƙi. Saboda haka in ya ba da kuɗinsa ya sayi labarin ɓarayi da 'yan sanda, wajibi ne a ba shi abin da ya kai wahalarsa. Amma sau da yawa ba ya samu.

Aibin galibin irin waɗannan littattafai shi ne, babu mutane a cikinsu, sai sunaye. Ɓarawon mugu ne tun daga shafin farko, ba a faɗi garinsu ba, ba a san abin da ya jefa shi sata ba. Ɗan sandan kuwa ba ya jin yunwa, ba ya kuskure. Attajiri da bawansa da karuwa duk bakinsu ɗaya, har in aka rufe sunayen ba mai iya gane wa ke magana. Inda marubucin ya ga labari zai mutu, sai ya kashe mutum guda, a ci gaba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A ƙasar Suwidin, Maj Sjöwall da Per Wahlöö sun rubuta littattafai 10 daga 1965 zuwa 1975 a kan wani ɗan sanda, Martin Beck, mai ciwon ciki, wanda aurensa ya lalace. Aka so shi domin ya yi kama da mutum. To, sai waɗansu na baya suka ɗauki ciwon da mutuwar auren suka rataya wa nasu 'yan sandan kamar laya, ba su ɗauki mutumin ba.

Mai karatu ya dubi Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, wanda aka buga a Zariya bayan gasar 1933. Abubakar ba mugu ba ne da fari. Zainab yake so, Malam Shehu ya raba su da ƙarfin dukiya, baƙin ciki ya kai shi neman asirin da ya mai da ɗansu Kyauta ɓarawo. Sa'ad da Kyauta ya kashe ubansa bai sani ba, mai karatu ya kan rasa wanda zai la'anta, gama ya ga hanyar da kowannensu ya biyo. Gawa ɗaya a nan ta fi goma a wancan nauyi.

Mutumin Shagari da aka taɓa kore masa shanu da dare ya san ɓarawo yana da uwa, yana da unguwa, wata rana ma sun yi sahu ɗaya a masallacin Juma'a. In aka kawo masa ɓarawon takarda, shafi uku zai karanta ya ba yara.