Matsayin magana a wasannin telebijin na Hasina Moin

Abin da muke so mu duba a wannan ɗan bayani shi ne yadda marubuciyar nan ta ƙasar Pakistan, Hasina Moin (1941-2021), ta yi amfani da harshen Urdu wajen gina taurarinta mata. Ra'ayinmu shi ne, ƴancin da ake yawan cewa ta ba su ya fi bayyana a bakinsu bisa ga yadda ya bayyana a ƙarshen labaransu.

An haife ta a Kanpur, cikin Indiya, ranar 20 ga Nuwamba 1941. Bayan rabuwar 1947 iyayenta suka yi ƙaura zuwa Pakistan, daga baya suka zauna Karachi, inda ta karanta tarihi a jami'a, ta koyar a makaranta, ta kuma fara rubuta wa gidan rediyon ƙasa wasanni. Wannan horo na rediyo abin lura ne: wanda ya saba da rubutu don kunne ya san cewa da murya kaɗai za a gane mutum. Gidan telebijin na ƙasa, PTV, ya buɗe a 1964, kuma a farkon shekarun 1970 ta rubuta masa *Shehzori*, wanda ta ɗauko daga littafin Azim Beg Chughtai. *Kiran Kahani* (1973) kuwa ƙirƙirarta ne tun daga tushe, a lokacin da aka saba juya littattafai zuwa wasa. Amma wasanni uku ne suka kafa sunanta: *Ankahi* (1982), *Tanhaiyan* (1985) da *Dhup Kinare* (1987).

Shekarun nan uku duk sun faɗa cikin mulkin soja na Janar Ziya'ul Haƙ (1977-1988), lokacin da aka tilasta wa mata masu gabatar da shirye-shirye a telebijin rufe kai. Idon masu tace shirye-shirye yana kan sutura da kusantar jiki. Wa ke buɗe zance, wa ke katse wani, wa ke da kalmar ƙarshe, wannan fili ne da ke da wuyar kafa wa doka, kuma a nan ta yi aikinta.

Don a fahimce mu, sai mun ɗan tsaya kan nahawu. Urdu yana da wakilan suna uku na wanda ake yi wa magana: *tu*, na ƙasƙanci ko matuƙar kusanci, *tum*, na tsara da na ƙasa, da *ap*, na girmamawa. Aikatau yana bin su, ta yadda umarnin "zauna" zai fito *baith*, ko *baitho*, ko *baithiye*. Bahaushe yana bambanta jinsi a nan (ka, ki), in kuma zai girmama sai ya ɗauko jam'i (ku). Mai Urdu kuwa ba ya iya cewa uffan ga mutum sai ya zaɓa masa matsayi. Saboda haka kowace jimla a wasa tana ɗauke da bayanin wane ne sama, wane ne ƙasa.

To, a *Dhup Kinare*, Zoya sabuwar likita ce a ƙarƙashin Dr Ahmer, wanda ya girme ta nesa, mai tsanani kuma. Ba ta fita daga ladabin da nahawu ya ɗora mata, amma cikin ladabin nan take musu, take zolaya, take mayar da amsa. Siffa ta biyayya ce, aikin da maganar ke yi kuwa na ja-in-ja ne. Haka Sana a *Ankahi*, yarinyar da buƙatar gida ta kai ta aikin sakatariya ba tare da ta iya ba: tana kuskure, tana surutu, shugaban biro yana shan mamaki, amma ita ke riƙe da akalar zancen. (Sunan wasan yana nufin "abin da ba a faɗa ba", alhali tauraruwarsa ba ta iya yin shiru.) Mu lura kuma cewa Urdu mai ado da manyan kalmomi, wanda aka gada daga adabi, a *Tanhaiyan* bakin Qabacha aka sa shi, namiji abin dariya. Mata kuwa aka bar musu gajerun jimloli irin na hirar tsakar gida.

Sai dai akwai wurare biyu da yabo bai kamata ya rufe mana ido ba.

Na farko, harshen wa muke ji? A ƙidayar 1998, waɗanda Urdu ne harshen uwarsu ba su kai kashi 8 cikin 100 na mutanen Pakistan ba, masu Punjabi kuwa sun haura 40. Sauƙin bakin Sana da Zoya sauƙi ne na ƴaƴan birni masu ilimi, waɗanda suke tsarma Ingilishi ba tare da tunani ba. Yarinyar karkarar Sindh da ke kallo tana koyon tsayawa da ƙafafunta, tana kuma koyon cewa da harshen wasu ake yin haka. Ba baƙon al'amari ba ne gare mu a Nijar, inda faransanci ya daɗe yana riƙe da makaranta da biro.

Na biyu ya shafi ginin labari. Zara ta *Tanhaiyan*, bayan mutuwar iyayenta, ta duƙufa neman kuɗi don ta fanshi gidansu. Ta fanshe shi, ta tarar babu kowa ciki sai kaɗaici, sannan hatsarin mota ya kwantar da ita asibiti ba ta cikin hayyacinta. Mace mafi buri a wasan ita ce aka ɗauke wa magana, har sai da ƙaunar dangi da ta abokinta na ƙuruciya suka dawo da ita. Muna iya karanta wannan a matsayin gargaɗi kan son duniya, amma da wuya a ce ba ladabtarwa ba ce.

Kaset-kaset na bidiyo sun tsallaka da wasannin nan zuwa Indiya, har Raj Kapoor ya nemi ta rubuta maganganun fim ɗinsa *Henna*, wanda ya fito a 1991, bayan rasuwarsa. Gwamnatin Pakistan ta ba ta lambar girma a 1987. Da tashoshi masu zaman kansu suka yawaita bayan 2002, ta sha sukar wasanninsu a fili, musamman yadda suka cika allo da mata masu kuka da shan mari. Ta rasu a Karachi ranar 26 ga Maris 2021.