Ƙwallo Da Bakin Bindiga: Sharhi Kan Wani Jigo Da Ya Yi Kasuwa

'Yan uwa marubuta, akwai wani jigo da ya yi kasuwa a waƙoƙi da gajerun labaran masu tasowa, wato jigon cewa wasa yana tsayar da yaƙi. Babban tubalin da ake gina shi da shi kuwa shi ne labarin Pele: wai da ya zo Nijeriya a 1969, sojojin Tarayya da na Biyafara sun ajiye makamai har kwana biyu domin su kalle shi. Labarin yana da daɗi a kunne, amma aikin manazarci shi ne ya ɗora shi bisa ma'auni.

Abin da ya tabbata shi ne, ƙungiyar Santos ta Brazil ta kara da 'yan wasan Nijeriya a Legas ranar 26 ga Janairu, 1969, aka tashi biyu da biyu, sannan ta sake wasa a birnin Benin a farkon Fabrairu. To, Legas tana nesa da bakin daga, Benin kuma tana hannun sojojin Tarayya tun Satumban 1967. Masu binciken da suka bi jaridun wancan lokaci ba su ci karo da sanarwar tsagaita wuta ba, yaƙin kuma bai ƙare ba sai Janairun 1970. Ashe an sami wasan ne a inda wuta ta riga ta lafa.

Haka batun yake a Kwaddibuwa. Gaskiya ne Didier Drogba ya durƙusa ya roƙi 'yan ƙasarsa su ajiye makamai a 2005, an kuma kai wasan ƙasa birnin Bouake na 'yan tawaye a Yunin 2007. Sai dai kafin nan, tun a watan Maris, Laurent Gbagbo da Guillaume Soro sun sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Wagadugu. Bayan zaɓen 2010 kuwa wutar ta sake tashi.

Mu da ke Kebbe da Tambuwal ba sai mun tafi nesa ba. Kowa ya san daɗaɗɗiyar gabar da ta wanzu tsakanin Kabawa da Daular Sakkwato. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan Ɗan Mu'azu ya kai can a 1934, shekaru da yawa bayan an mayar da takubba kube. Sulhu ne ya haifi bikin, shi kuma bikin ya raini sulhun. Da tsaro ya taɓarɓare a Arewa, bikin ne ya tsaya shekara da shekaru, sai a 2020 ya dawo.

A nan ne raunin waɗannan rubuce-rubuce yake. Marubuci kan taro maƙiya biyu, ya jefa masu ƙwallo, kafin alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe sun rungumi juna. Ba a faɗa mana mafarin rikicin ba, balle wanda ya shiga tsakani, ko yadda aka yi da haƙƙin wanda aka zalunta, alhali kuwa ruwa ba ya tsami banza. Yaron da 'yan bindiga suka raba da ƙauyensu, idan ya karanta irin wannan warwarar jigo, zai gane an yi masa wasa da hankali, daga nan kuma ya daina yarda da alƙalaminmu.

Shawararmu ita ce, mai son wannan jigo ya fara da zaman sulhun, ya nuna mana dattawan da suka yi ta kai da kawowa da irin ɗacin da kowane ɓangare ya haɗiye. Bayan haka sai ya kai mu filin ƙwallo ko dandalin kokawa, mu ga ranar farko da ɗan wannan gari ya taka wancan gari gabansa na faɗuwa. Wannan amfanin wasa ne na gaske, ya kuma ishi marubuci labari. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.