Sabon Faifai, Tsohon Kiɗa: Wa Ake Buga Wa?

A shekarar 2001 kamfanin Strut na Landan ya fitar da tarin waƙoƙi mai suna Nigeria 70. A cikinsa akwai muryar Arewa, wato "Ikon Allah" ta Bala Miller, wanda ƙungiyarsa ta yi tashe a Kaduna. Daga nan tono tsofaffin faya-fayan Najeriya ya ƙara zama sana'a. Luaka Bop na Amurka ya sake buga waƙoƙin William Onyeabor a 2013, Soundway kuma ya tattara diskon Legas na shekarun 1980 a 2016. Faifan garmaho da muka jingine tun zuwan kaset ya koma kayan marmari a Turai.

Aikin iri biyu ne, kuma ya kamata a bambanta su. Na farko shi ne sake bugu. Ana neman asalin tef ɗin da aka ɗauka a situdiyo. In ya ɓata, kuma sau da yawa zafi da sakaci sun riga sun cinye shi, sai a samo faifai mai lafiya, a wanke, a kwafe shi a kwamfuta, a tsince ƙarar karce ɗaya bayan ɗaya, sannan a buga sabo. Na biyu shi ne sake sarrafa kiɗan, wanda matasa ke kira rimis. Wannan ya bunƙasa ne a gidajen rawa na birnin New York a tsakiyar shekarun 1970, inda irin su Tom Moulton suka riƙa ɗora waƙa ɗaya tak a fuskar faifai mai inci 12. Tsagin ya samu fili, ganga ta fito da nauyinta. Sai a tsawaita wurin da kiɗa ke tafiya shi kaɗai, a ja murya baya, don kada mai rawa ya tsaya.

A nan ne nake ganin gizo ke saƙar. Disko don ƙafa aka yi shi, waƙar Hausa kuwa kunne take nema. Saurari Mamman Shata: kalangu na bin zango ɗaya, 'yan amshi na maimaita abu ɗaya, abin da ke sauyawa shi ne bakin Shata, da kirari da habaici da zambo da sunayen mutane da garuruwa. Mai rimis kuwa abin da ke maimaituwa yake riƙewa, ya zubar da abin da ke sauyawa. In aka yi wa Shata haka, an ajiye ƙwarya an zubar da furar.

Shi ya sa abin da kamfanonin waje suka fi ɗauka a yankinmu shi ne wanda ba ya buƙatar tafinta. Mamman Sani Abdullahi na Nijar ya ɗauki kiɗansa na ogan a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai a 1978, aka yi kaset 'yan kaɗan. Shekara da shekaru ana jin kiɗan a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga shi a faifai, dattijon ya je Turai ya yi wasa. Na yi masa murna ƙwarai, ya cancanci haka tun tuni. A 2013 ɗin ne kuma kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Kano, har da Fati Nijar. Amma wanda ya san kiɗan Hausa ta waɗannan faya-fayai kaɗai zai ɗauka fiyano ne gadonmu. Ba zai san da kotson Ɗanƙwairo ba, ko gurmin Haruna Uji na Haɗeja.

Mu kuma a gida fa? Shiga rumfar mai tura waƙa a kasuwar Kazaure ko Babura, ka ce a sa maka tsofaffin waƙoƙi a memori. Za ka samu, har ka gaji. Sai dai waƙar ta bi ta hannu da yawa: daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa sidi, daga waya zuwa waya. Muryar ta dushe, kalangun ya koma ƙwanƙwasa. Wata ta yanke a tsakiya, daidai inda kaset ya ƙare aka juya shi. Sunan da ke jikinta na wata waƙar ce daban. Babu shekara, babu wurin da aka ɗauka, babu sunan makaɗi ko ɗaya. Manomi a Roni ko Gwiwa yana ji yana gane kowace kalma, amma lalatacciya ce ta iso masa. Baturen da ya sayi faifai mai tsabta, da hoto da tarihi a bangonsa, bai san me ake faɗa ba.

Ban ga laifin yaron da ya ɗora bugun kwamfuta a kan muryar Shata don a taka a gidan biki ba. Makaɗanmu ma ba sa rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Kowane dandali da irin ƙarin da ake yi mata. Damuwata ita ce in babu asali mai kyau a ajiye, ƙarin shi zai zama waƙar a kunnen 'yan baya.

Ba faifan kansa nake so mu kwaikwaya ba, don garmahon ma ya yi wuyar gani. Tsarin aikin nake nufi: a nemo mafi tsabtar kwafi, a rubuta wanda ya yi kiɗa da wanda ya yi amshi, a nemi izinin magada, a biya su. Sahel Sounds raba riba yake yi biyu da mawaƙi. Gidajen rediyon Kaduna da Kano da Yamai sun daɗe suna ɗaukar makaɗa, kuma tef ba ya jiran kowa. Shata ya rasu a 1999, Bala Miller a 2003, Ɗan Maraya Jos a 2015. Waɗanda suka yi musu kiɗa da amshi, masu iya jin tef su ce wane ne wannan kuma a ina aka ɗauka, su ya kamata a fara zuwa wurinsu da rikoda.