Kiɗan da Ba Baki: Sharhi a Kan Kaset ɗin Mamman Sani na 1978

Gabatarwa

Mu manazarta waƙar baka mun saba auna makaɗi da bakinsa: mu nemi jigo, mu duba salo, mu ware jagora da amshi. Manufar wannan takarda ita ce mu jarraba ma'aunin nan a kan makaɗin da akasari kiɗa yake yi zalla, watau Mamman Sani na ƙasar Nijar.

Makaɗin da Aikinsa

An haifi Mamman Sani a Ankara ta ƙasar Gana, amma a Nijar ya tashi. Ya yi aiki da hukumar UNESCO, kuma wajen wani taronta ne ya sayi ogan ƙirar Orla ta Italiya, abin kiɗa mai madannai da ke aiki da lantarki, daga hannun wani wakilin Ruwanda. A 1978 ya shiga gidan rediyon Nijar a Yamai, ya yi kiɗa aka naɗa, sa'an nan ya sake yin wani aka ɗora bisa na farko. Kaset kaɗan aka fitar, amma rediyo da talabijin sun yi shekaru suna sa kiɗan tsakanin shiri da shiri, har jama'a suka san amon. Sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a faifai, ya biyo da "Taaritt" a 2014.

Sharhi

Mai saurare zai iya cewa wannan kwaikwayon Turawa ne kawai. Mu ba mu yarda ba. Na'urar baƙuwa ce, amma yawancin karin daga waƙoƙin gargajiya na Nijar ya tsamo shi, har da na Fulani da Buzaye. Gajeren kari ne ke juyawa yana komowa, kamar busar sarewar makiyayi. Haka kuma kiɗan da ba baki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin take da shi aka san sarki da ɗan dambe tun kafin maroƙi ya buɗa baki.

To, amma a nan ne raunin aikin ya fito. Mu dubi Gambu na Fagada ta ƙasar Maiyama, wanda mutanen Jega da Aliero suka sani sarai. Kalangun da ake yi masa magana yake yi, saboda makaɗi na matse tsirkiya ya saki, amo ya hau ya sauka bisa karin harshen Hausa. Madannin ogan ba ya lanƙwasuwa haka, bugun na'ura kuma ba ya jiran kowa. Saboda haka kiɗan Mamman Sani ba ya kiran sunan mutum, ba ya zuga, ba ya habaici. Abin da ya samu a madadin wannan shi ne natsuwa: kiɗa ne na mai zama shi kaɗai yana tunani, ba na dandali ba.

Kammalawa

Ke nan ma'auninmu ne ya gaza, ba makaɗin ba. Lalle ne mu ƙirƙiro kalmomin nazarin amo kamar yadda muka yi wa jigo da salo. Sa'an nan abin kunya ne a ce sai bayan shekara 35, kuma daga Amurka, kaset ɗin maƙwabcinmu ya komo hannunmu. Ya kamata sassanmu na Hausa su nemi izinin kwafe tsofaffin kaset da ke ajiye a gidajen rediyon Sakkwato da Birnin Kebbi, tun zafi da ƙura ba su cinye su ba.