Ɗigon da ba a zama a kansa

Tun da madubin hangen taurari James Webb ya aiko da hotunansa na farko a watan Yuli 2022, wani zane ke yawo a jaridu: ga rana, ga duniya, ga ɗigo mai suna L2, madubin yana zaune a kai. Zanen ya faɗi gaskiya game da nisa: kilomita miliyan 1 da rabi daga duniya, ta gefen da ya ba rana baya. A can jan rana da na duniya ke haɗuwa, har abu ya kewaye rana cikin shekara guda tare da duniya. Lissafin Euler da Lagrange ne tun ƙarni na 18.

Inda zanen ya gaza shi ne batun zaman. Madubin kewaya ɗigon yake yi, zagaye ɗaya cikin kimanin wata 6, nesa da inuwar duniya, domin daga hasken rana yake samun lantarki. Wurin kuma ba ya riƙe abu: in an saki madubin, zamewa zai yi. Shi ya sa kusan kowane mako 3 ake kunna ƙananan injinansa a gyara masa hanya.

Malamin makaranta a Shetimari yana da misalin da ya fi zanen: masuncin Komadugu lokacin cikar ruwa, mai tsai da kwalekwale wuri ɗaya da ɗan bugun filafili jefi-jefi. Ɗalibin da ya taɓa ganin haka zai gane dalilin da ya sa ranar da man madubin ya ƙare, aikinsa a can ya ƙare.