"Kakanmu Daga Gabas Ya Zo": Ina Hujjar Littattafan Tarihin Zuri'a?

Idan kana cikin zauren WhatsApp na dangi, ko ka taɓa zuwa taron zumunci bayan sallah a Funtua, Bakori, Ɗanja ko Malumfashi, da wuya a ce ba a miƙo maka ɗan littafin tarihin zuri'a ba. Bango mai sheƙi, hoton dattijo da rawani, sai itacen salsala mai rassa. Niyyar masu yin sa kyakkyawa ce, kuma shafukan ƙarshe, inda aka jera 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, aiki ne mai daraja. Matsalar tana shafukan farko. A nan ne za ka ga an ce kakan gidan ya taso daga Yemen ko Bagadaza ko Masar, ya yada zango a Borno, sai ga shi a gonarku. Babu shekara, ba a faɗi wanda ya ba da labarin ba, babu takarda. Wannan ɓangaren nake so mu duba tare.

Fara da lissafi, don shi ba ya son kai. Tsakanin haihuwar uba da ta ɗansa a kan samu shekara 30 zuwa 35. Ke nan salsalar da ke son ta kai shekara 1,400 baya tana buƙatar sunaye wajen 40 zuwa 47. To, ƙirga na littafinku. In ka samu 12 ko 15, ka san akwai rami mai faɗin ɗaruruwan shekaru da aka rufe da tabarma. Masana tarihin baka sun daɗe da sanin wannan ramin. David Henige ya yi littafi a kansa a 1974, Jan Vansina kuma ya bayyana shi a 1985: mutane kan riƙe kakannin kusa daram, su riƙe labarin mafari, tsakiyar kuma ta zube, sai a ɗinke bakin biyu. Wannan ba ƙarya ba ce da gangan, haka ƙwaƙwalwar al'umma take aiki. Amma wanda ya buga littafi ya kamata ya nuna wa mai karatu inda ɗinkin yake.

Ba ina cewa babu gidan da ke da asali daga gabas ba. Akwai gidajen malamai da sharifai masu rubutacciyar salsala da aka gada hannu da hannu. Abin da nake cewa shi ne, bincike ba a fara shi daga can. Daga nan ake farawa, a koma baya taki ɗaya bayan ɗaya.

Dubi yadda jikokin mutanen ƙasar Ayilan suke yi. Yunwar da ta faɗa wa ƙasar daga 1845 zuwa 1852 ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan ɗin, akasarinsu zuwa Amurka. Jikokinsu ba su gaji takardu cikin sauƙi ba. Ranar 30 ga Yuni, 1922, a farkon yaƙin basasa, gobara ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Dublin, ta tafi da kusan dukkan ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851. Rajistar haihuwa ta kowa da kowa kuwa sai a 1864 aka fara ta. Duk da haka suna gano ƙauyukan kakanninsu. Da me? Da takardu marasa kwarjini: littafin coci, jerin fasinjojin jirgin ruwa, da kundin ƙiyasin harajin gonaki da gidaje da aka yi tsakanin 1847 da 1864.

Misalin da duniya ta sani shi ne na Barack Obama. A 2007 mai binciken salsala Megan Smolenyak ta bi layin mahaifiyarsa har zuwa wani saurayi, Falmouth Kearney, da ya sauka Amurka a 1850. Sunan ƙauyensu ba a Ayilan aka fara ganin sa ba. A jikin duwatsun kabarin dangin a jihar Ohio aka gan shi: Moneygall. Sai da aka samu wannan sannan aka je aka buɗe littafin cocin yankin, aka tarar da gidan, gidan masu ɗinkin takalma. Ba basarake ba, baduku. Obama ya ziyarci ƙauyen a watan Mayu na 2011. Ka lura da tsarin: inda baƙo ya sauka ake fara tonawa, kafin a tafi inda ya baro.

Kishiyar wannan ita ce ta Alex Haley, marubucin Roots na 1976, wanda ya tafi Juffure a Gambiya neman kakansa Kunta Kinte. Masu binciken da suka bi sawunsa, irin su Donald Wright a 1981, sun nuna cewa mai ba shi labarin ba amintaccen maroƙin tarihi ba ne, kuma an riga an san abin da baƙon ke nema kafin ya iso. In ka je wurin dattijo da amsa a bakinka, don ladabi ma sai ya maimaita maka ita.

Yanzu mu dawo gida. Kudancin Katsina ƙasa ce ta baƙi, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan sauyin Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya nuna yadda ƙaura ta gina garuruwan ƙasar. A ƙarni na 20 abin ya ƙaru. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta turo mutane kudu neman abinci. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Auduga da injin gurzarta suka jawo manoma, leburori da 'yan kasuwa. Saboda haka tambayar da gidaje da yawa za su iya amsawa da hujja ba Yemen ba ce. Ita ce: daga wane ƙauye na Kano, Zazzau, Zamfara, Gobir ko Maraɗi kakanmu ya taso, yaushe, kuma me ya koro shi? Littattafan nan suna tsallake wannan, alhali a nan naman yake.

Abin koyi yana nan kusa da mu. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950 aka buga a 1954, ta tashi ne a gefen Zarewa, ƙasar Kano, ba nisa da iyakar kudancin Katsina. Ta ce danginta Barebari ne, amma ƙarfin labarinta ba nan yake ba. Yana cikin sunayen da ta kawo, wa ya auri wa, wace gona, wane rinji, wane hari. Ba ta ɓoye bayin gidansu ba. Irin wannan labari ana iya gwada shi da wani.

Nan ne kuma laifi na biyu na littattafanmu: shiru. Layin uwa kan ɓace gaba ɗaya. Idan kaka ƙwarƙwara ce, ko kakan Bamaguje ne da ya musulunta, sai a share. Alhali Maguzawan yankin Malumfashi, waɗanda Murray Last ya zauna cikinsu wajen farkon shekarun 1970, suna cikin tsofaffin mazauna ƙasar. Bauta kuwa sai a 1936 aka haramta ta ɗungurungum a Arewa, kuma Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun yi amfani da rajistar bayin da aka 'yanta ta hannun kotuna a littafinsu na 1993. Ka koma baya hawa goma, kana da gurbin kakanni 1,024. Littafin da ya bi mutum ɗaya cikinsu ya ce "asalinmu", ya bar 1,023 a waje.

Wani zai ce, ai yanzu akwai gwajin ƙwayoyin halitta, a tofa yawu a aika Turai. Yi hattara. Kamfanonin suna kwatanta ka ne da mutanen da ke raye yau a rumbunsu, kuma samfurin Afirka a ciki kaɗan ne idan aka gwada da na Turawa. Gwajin layin uba yana bin zare ɗaya tak, kuma rassansa sun kai dubban shekaru. Zai iya nuna maka ɗan'uwa na kusa in shi ma ya yi gwajin. Ba zai ce maka Gozaki ko Maska ba.

To me za ka yi? Fara da tsofaffin gidanku, musamman mata. Ka ɗauki muryarsu a waya, kowa shi kaɗai, kuma kada ka ciyar da su amsa. Maimakon "ai daga Borno muke ko?", ka ce "Iya, ina aka haifi babanki?" Ka nemi sunan yanka da laƙabi duka, don alkunya kan hana tsohuwa faɗin sunan mijinta ko ɗan farinta. Ka tambayi zanen fuskar gidan, sana'ar gado, da su wa kuke wasan barkwanci da su. Kada sunan gari ya ruɗe ka: wanda ake kira Funtua ko Malumfashi sau da yawa a makaranta aka laƙaba masa. Shekaru kuma ka ɗaure su da abin da aka sani: zamanin Sarki Dikko, 1906 zuwa 1944, ko na Usman Nagogo, 1944 zuwa 1981, kafin jirgi ko bayan jirgi.

Sannan ka nemi takarda. Bangon tsohon Alƙur'ani inda malam ya rubuta haihuwa, takardar cinikin gona, hukuncin rabon gado na alƙali, rajistar firamare, rasit na haraji. Daga nan sai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa. Ka sani cewa Katsina tana ƙarƙashin Lardin Kano har 1926, sannan Lardin Zariya har 1934, kafin ta zama lardin kanta, don haka fayilolin gundumarku suna iya rabuwa gida uku. Rahotannin ƙiyasin haraji na Turawa ba kasafai suke kawo sunan talaka ba, kuma ta bakin hakimai da tafinta aka rubuta su. Amma sukan kawo tarihin ƙauyuka, jerin dagatai, da inda mazauna suka fito. Ka gwada su da abin da Iya ta faɗa.

Abin ba na nishaɗi kaɗai ba ne. Da irin waɗannan littattafai ake kafa hujja a rikicin sarauta, da gadon gona, da zancen wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo. Kuma lokaci na ƙurewa. Hare-haren 'yan bindiga a Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara sun tashi ƙauyuka, tsofaffi sun warwatsu, takardun cikin adaka sun salwanta. Ayilan ta yi gobara ɗaya a rana ɗaya. Tamu a hankali take ci.

Ga masu shirin buga sabon littafin zuri'a, roƙona ɗaya ne: a gaban kowane suna ku rubuta wanda ya faɗa, ko takardar da ta nuna. Inda hujja ta ƙare, ku ja layi ku ce "daga nan abin da muka ji ne". Kakanni biyar da za a iya tabbatarwa sun fi arba'in da jikanku zai ƙirga ya ga ba su kai ba.