Jinjina ga Almajiran Surfanin Japan

Duk wanda Allah ya nufe shi da ganin mai koyon surfani a ƙasar Japan, ya duƙufa a gaban katakon da aka ɗaure yadin alharini a kansa tamau kamar fatar ganga, hannun dama a sama, na hagu a ƙasa, allura tana kai-komo tsakaninsu, lalle zai sallama cewa haƙuri ma fanni ne daga fannonin ilimi. Zaren da ake aikin da shi ba a murɗe yake zuwa ba. Shi almajirin ne zai murza shi da tafin hannu gwargwadon kaurin da aikin yake bukata, ko kuwa ya shimfiɗa shi da tsinken ƙarfe da suke kira tekobari, har sheƙi ya kwanta a kan furen da yake ɗinkawa.

Sana'ar kuwa tana da isnadi mai tsawo, domin har yau akwai guntayen labulen da aka yi wa surfani bayan rasuwar Yarima Shotoku a shekarar 622, mallakar haikalin Chuguji da ke Nara. Malaman da suka riƙe wannan amana, da almajiran da ke warware aikin wuni guda saboda zare ɗaya ya karkace, haƙiƙa sun cancanci jinjina.